Sun Ce Sunan Babana Bai Dace da Fasfo Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana, ki ɗora min wannan yadda na rubuto shi, kar ki rage komai ko da ya yi tsawo. Don Allah ku ba ni shawara, amma wadda ta san "ki yi haƙuri" kawai za ta rubuta ta wuce, ta riƙe abinta, haƙuri ina da shi a gida har ya yi min yawa.

Maganar a kan suna ce. Na san wasu za su ce suna kawai ne ya sa kike wannan dogon rubutu, to ku karanta tukuna. Ni haifaffiyar Tudun Wada ce a nan Zariya, nan na tashi, nan aka yi min aure, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta. Mun jima muna neman haihuwa, sai bana Allah ya ba ni ta fari, namiji. Dole in faɗi sunaye tunda su ne maganar, wadda ta gane ni ta rufa min asiri. Ranar suna aka raɗa wa yaro Ali, sunan mahaifin mijina ne marigayi, ban ce uffan ba, haƙƙinsu ne kuma na yi murna. Shi kuma mijina, Allah ya yafe min da zan rubuta shi gatsau, sunansa Isa. Kun ga yaro ya zama Ali Isa ke nan. Ni ban ga aibun wannan ba, suna ne mai kyau, na sahabi da na annabi, me kuma ake nema?

Mijin nawa ne ya tsiro da maganar, ba ni ba. Ina gida wurin Inna ina wankan jego ya zo duba mu da la'asar, ya ɗauki yaro yana ta kallonsa, sai ya ce shi fa sunan nan ya yi masa gajarta, wai Ali Isa kamar an fara rubutu biro ya ƙare. Wai yaron da zai yi karatu a ƙasar waje dole a haɗa masa da na tsakiya mai nauyi, wanda in an buɗe fasfo za a san ɗan gidan mutunci ne. Ku sani mutumin nan da ke maganar fasfo bai taɓa taka matakalar jirgi ba, iyakar tafiyarsa Abuja, ita ma a motar haya. A Kongo, harabar jami'a ta nan Zariya, yake aiki, a wani ofis, fayil yake ɗauka daga wannan tebur zuwa wancan, amma in 'yan unguwa suka ce masa lakcara ba ya gyara musu, sai dai ya gyara zaman hula. A gaban Inna ya ce, "Na farko namu ne, na tsakiya kuma ke za ki zaɓa. Duk wanda kika zaɓa shi ke nan." Ban ko yi tunani ba na ce sunan Baba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka. Shi kuma ya yi wata 'yar dariya, ya ce to Allah ya sa albarka. Da kunnena na ji, da kunnenta Inna ta ji.

Bari in faɗa muku waye Baba. Sunansa Bawa, mahauci ne, da safe yana kasuwa wurin nama, da yamma yana bakin tukubarsa ta balangu a bakin titi. Duk wanda ya daɗe a Tudun Wada ya san shi. Kakata ce ta sa masa Bawa tun yana tsumma, don 'ya'yanta ba sa zama, ta ce wannan bawan Allah ne a bar mata shi, Allah kuwa ya bar mata. Sunansa na yanka Isa, irin na mijina, shi ya sa ba zai yiwu in sa na yankan ba, sai ya zama Ali Isa Isa, kuma ba wanda ya san shi da shi ma. Mu 'ya'yansa duka mata ne, bai samu namiji ba, ya rasu bara waccan bai ga wannan jikan ba. Yayyena sun haihu amma mazajensu ba wanda ya yi masa takwara. Ni ce ƙarama, ni ce nake ganin na samu dama.

Kuma ba baƙo ba ne a wurin mijina. Lokacin da yake ɗalibi a Kongo, mahaifinsa ya rasu, danginsa suna Dutsen Abba, ba shi da wurin kwana kusa da makaranta. Wani ya kawo shi wurin Baba, Baba na jin sunansa ya ce ai takwara ne, ya buɗe masa shagon ƙofar gidanmu ya ce ya zauna. Abincin gidanmu ya ci har ya gama karatu. Kullum Baba ya tashi daga tukuba da ƙunshin takwara daban, mai kitse-kitse don ya san shi yake so. Ni tun ina 'yar sakandare nake kai masa kwano, shi ya sa har yau Yaya nake ce masa. Da ya zo neman aurena Baba bai tambayi komai ba, ya ce takwara ai ɗan gida ne. Ranar da Baba ya rasu shi ya fi kowa kuka, har sai da maza suka riƙe shi a bakin kabari. Ni a lokacin na ɗauka kukan gaske ne.

To na yi arba'in na koma ɗakina, sai ga yayarsa ta shigo cikin maganar. Sunanta Laraba, haka uwarta ta haife ta, haka kowa ya san ta a Dutsen Abba. Ta auri wani ma'aikacin gwamnati suka koma Hanwa, ta je umara sau ɗaya, ta dawo ta ce daga yau Anti Lubna. In ka kuskura ka ce Laraba sai ta yi kamar ba da ita ake ba. 'Ya'yanta kuwa sunayensu ko ita in ka tambaye ta ma'anarsu sai ta ɗauko waya ta duba. Ita ce ta shiga gurup ɗin gidansu, wanda aka saka ni ciki bayan aure, ta jero sunaye, Rayyan, Zayyan, Ayman, Arshad da wasu da ban ma iya karantawa ba, ta ce kowa ya zaɓi wanda ya fi dacewa da Ali, a gama yau. Kamar ana zaɓen ankon biki. Na rubuta cikin ladabi na ce Anti ai an riga an zaɓa, sunan Baba za a sa, Bawa. Can sai ga hotunan dariya suna shigowa daga ƙannensa. Sai ta turo saƙon murya, wai Bawa kuma, bawan wa, wai ita jinin gidansu ba za a kai shi gaban Turawa da sunan bauta ba, wai in daina wasa da makomar yaro. Mijina yana cikin gurup ɗin, na duba na ga ya saurara. Ko harafi ɗaya bai rubuta ba.

Da ya dawo daga aiki na tare shi da maganar, sai ga mutum ya zama shehin malami a tsakanin azahar da la'asar. Wai a shari'a uba ne ke da haƙƙin suna, wai Bawa ba sunan Musulunci ba ne, wai ya tambayi wani malami. Na ce wane malamin, ya ce ban san shi ba. Na tuna masa abin da ya faɗa a gaban Inna, ya ce ai shi ya ɗauka zan zaɓi suna na hankali. Na hankali. Na ce Yaya sunan Baban nawa ne ba na hankali ba? Ya ce kar in juya masa magana. Na yi shawara da Yaya Asabe, babbar yayarmu, ta ce in dai addini ne matsalar a sa Abdullahi mana, ai shi ne bawan Allah, mu a zuciyarmu mun san wa muke nufi. Raina bai so ba, don ba wanda ya san Baba da Abdullahi, amma na kai masa don a zauna lafiya. Kun san me ya ce? Wai Abdullahi ya yi yawa a gari, kuma masu irin sunan ana tsare su a filin jirgi ana yi musu tambayoyi. Mutumin da filin jirgi a talabijin yake ganinsa. A nan na gane ba addini ba ne, ba ma'ana ba ce. Duk abin da zai tuna masa da tukuba ne ba ya so a jikin ɗansa.

Na yi shiru da maganar, na ce tunda ba a yi takardar haihuwa ba tukuna, in ƙura ta lafa zai dawo hankalinsa. Ban faɗa wa Inna komai ba. Ita kuwa ta riga ta gama shelanta wa duk matan layinmu cewa an yi wa Malam takwara, haka take kiran Baba. In ta ɗauki yaron ba ta ce masa komai sai Malam ƙarami. Tsohuwar da tun rasuwar Baba ba ta cika dariya ba, sai ga shi tana yi wa jariri waƙa.

Sai Anti ta ce za ta yi walima a gidanta na Hanwa, don ba ta samu zuwa suna ba. Dalilin rashin zuwan nata kuwa wai lungunmu mota ba ta shiga, ita kuma ba za ta taka kwata da takalminta ba, matar da ta girma tana tallan ƙuli. Ta ce ƙawayenta matan manya suna son ganin yaro, a zo da Inna ma. Inna ta yi murna, ta ce ashe Laraba tana da kirki. Ta sa aka kawo mata nama mai kyau daga wurin abokan sana'ar Baba, ta zauna ta yi dambun nama da hannunta cike da babbar roba, irin wanda Baba ya koya mata, ta ce ba za ta shiga gidan surukai hannu rabbana ba. Ta ɗauko atamfarta ta sallah ta ɗaura.

Muka shiga falon. An cika bango da balan-balan, a tsakiya ga tebur, a kan tebur ga wani ƙaton kek, an rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe, ALI RAYYAN ISA. Haka a jikin bango, haka a jikin 'yan ledojin da za a raba. Wannan ba aikin yini ɗaya ba ne, an daɗe ana shirya shi, kuma da sanin mijina, don yana tsaye a gefen tebur da sabuwar shadda yana ɗaukar bidiyo da waya. Na kalle shi ya kau da kai.

Inna tana karanta Alƙur'ani amma ba ta yi boko ba. Ta gaisa da mutane, ta ajiye robarta, ta matso kusa da kek ɗin tana murmushi, ta riƙo hannuna ta ce, "Ke, nan ne aka rubuta sunan? Nuna min inda na Malam yake."

Na juya na kalli mijina ko zai ce wani abu, ko ƙarya ce ma ya yi mata a lokacin da na gode masa. Yana nan da wayarsa a sama.

Anti ce ta amsa, daga inda take zaune, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Inna ai an canza, Rayyan ne. Kin san yaran yanzu ba a sa musu irin sunayen nan na da."

Wata ƙawarta mai gilashi ta ce, "Da wane suna za a sa?"

Anti ta ce, "Wai Bawa."

Suka kwashe da dariya. Mai gilashin ta ce, "Kai, kamar wani mai tsire."

Anti ta ce, "Ai shi ne."

Wasu suka ƙara dariya, wasu da suka fahimta suka sunkuyar da kai. Inna ta saki hannuna a hankali. Ta daɗe tana kallon kek ɗin kamar mai son ta karanta da kanta. Sai ta ce, "To. Allah ya raya Rayyanu, Allah ya yi masa albarka." Ta gyara mayafinta ta nufi ƙofa. Mutumin da ta dafa wa tuwo shekara da shekaru, wanda ta jiƙa wa magani da zazzaɓi ya kwantar da shi a shagon gidanmu, ko taku ɗaya bai yi ba don ya raka ta. Na saɓa yarona a baya na bi ta, muka tari keke muka koma Tudun Wada. Da muka sauka ta ce min in gyara wa yaro hula iska na shiga kunnensa.

Daga baya matar ƙaninsa, wadda muke ɗan shiri da ita, ta faɗa min abin da ya faru bayan tafiyarmu. Kek ɗin ko rabi ba a ci ba, amma dambun Inna matan manyan nan sai da suka suɗe robar tas, har da masu ƙullawa a leda suna turawa a jaka, mai gilashin ma har tana tambayar lambar wadda ta yi. Kuma ta ce wata matar abokin aikinsa ta yi mamaki, don ita abin da mijina ya faɗa musu a ofis shi ne surukinsa babban dillalin shanu ne mai kai kaya kudu. Kun ji. Ashe tun Baba yana da rai ya riga ya canza masa sana'a, ni ce ban sani ba.

Na kwana a gida, washegari ya zo. Na ɗauka haƙuri ya zo ba Inna. Ya durƙusa ya gaishe ta sama-sama, ya ce ai abin da ya faru wasa ne irin na mata, sannan ya juyo kaina wai na kunyata shi a gaban manyan mutane da na fita ba sallama. Inna ta dai ce min in tashi in bi mijina. Na bi shi don ita, ba don shi ba.

Bayan 'yan kwanaki ya shigo da fara'arsa, yana tafiya kamar wanda ya sasanta ƙasashe biyu, ya ce ya samo mafita kowa zai ji daɗi. Wai a takarda a rubuta Ali B. Isa. B kawai da ɗigo. Wai in yaro yana Tudun Wada sai a ce Bawa ne, Inna ta ji sanyi, in ya fita waje ko ya shiga cikin manyan mutane sai ya ce Bilal ko Bashir, duk wanda ya ga dama. Rayyan kuma a bar shi na kira a gida don kar ran Anti ya ɓaci. Yana gama faɗa ya tsaya yana jiran in yaba masa. Na daɗe ina kallonsa, na ga ashe wannan ne mutumin. Wato tun yaro bai yi haƙori ba an tsara masa yadda zai ɓoye kakansa, an koya masa sana'ar ubansa. Mutumin da ya ba shi ɗaki da abinci da 'ya, shi abin da zai iya ba shi harafi ɗaya ne da ɗigo, shi ma na aro, wanda za a iya musantawa. Na ce masa Baba bai taɓa ba ka rabin ƙunshi ba. Ya ce na fiye riƙo, ya ɗauki hularsa ya fita.

Yanzu ga inda ake. Takardar haihuwa a asibitin da muke zuwa rigakafi ake yin ta, akwai mai yin ta a nan, uwa ce ke faɗin suna a rubuta, ba a tambayar uba. Sati mai zuwa ne ranarmu. Ya ce kar in kuskura in yi sai ranar da ya samu sarari ya raka ni, na san kuma me hakan ke nufi. Hajiya, mahaifiyarsa, ta kira ni har ɗakinta. Gaskiya ita ba ta zage ni ba, ta ma ce ita wannan Rayyan ɗin ko faɗinsa ba ta iya ba, Alhajina take ce wa yaron, kuma ta ce Laraba ba ta kyauta ba, ta san alherin da Malam Bawa ya yi musu. Na ce to Hajiya ki sa baki mana. Ta ce ita ba ta shiga tsakanin ɗa da ubansa, amma in sani in na je na rubuta abin da mijina bai yarda ba a bayan idonsa, to ta san halinsa, gida zai ce in tafi, ita kuma ba za ta iya hana shi ba. Wato ta san gaskiya, amma ba za ta faɗe ta inda take da amfani ba. Duk gidan haka suke, kowa jarumi ne a ɗaki.

Yaya Asabe ta ce in je in rubuta Ali Bawa Isa ɓaro-ɓaro, in ya so sama ta faɗo, wai in ya sake ni a kan sunan mutumin da ya rufa masa asiri to duk Tudun Wada za ta san waye shi, shi zai ji kunya ba ni ba. Amma Yaya Asabe tana ɗakin mijinta da 'ya'yanta, ba ita za ta dawo gida da jariri ba.

Inna kuwa ta ce in bar maganar gaba ɗaya, kar in sa Bawa, kar in karɓi B, in bar musu abinsu. Na ce Inna alkawari fa ya yi a gabanki. Ta ce, "Malam yana da rai bai taɓa shiga inda ba a gayyace shi ba. Kar ki kai shi yanzu da yake kwance." Tun ranar walimar ba ta sake cewa Malam ƙarami ba, yaron nan take cewa. Matan layi in sun tambaye ta takwaran Malam sai ta ce yana lafiya ta canza magana. Wannan ya fi komai ci min rai.

Kuma ba zan ɓoye muku ba, ni ma akwai abin da ke tsorata ni. Malamar makaranta ce ni, na san yadda yara ke yi wa junansu a kan suna, na sha raba faɗa a kai. In na dage na sa, yaron nan a cikinsu zai tashi, gwaggonsa za ta riƙa yi masa dariya, ubansa zai riƙa ce masa ka rubuta B kawai. Ina tsoron ranar da ɗana da na haifa zai dawo daga makaranta ya ce min Umma me ya sa kika sa min wannan sunan. In ya ji kunyar Baba a gabana ban san yadda zan yi ba, gara a ce bai ɗauki sunan ba sam.

Abu na ƙarshe, shi ne ma ainihin abin da ya sa na rubuto, don ban iya faɗa wa kowa ba. Na raina mijina. Ba fushi ba ne, fushi na san shi, yana zuwa yana wucewa. Wannan daban ne. Ina dafa masa abinci, ina wanke masa kaya, ina gaishe shi da safe, ba abin da na fasa, amma in ya buɗe baki yana magana sai in ji kamar rediyon maƙwabta. In ya tsaya gaban madubi yana karya hula zai tafi ofis sai dariya ta taso min in danne. In yayarsa ta kira shi a waya na ga yadda yake miƙewa tsaye yana "to Anti, an gama Anti", sai in rasa ina ne namijin da na aura. Ina istigfari a kai, na san ba kyau, amma abin ba ya tafiya. Shi kuma ko a jikinsa, a ganinsa magana ta wuce tunda na yi shiru.

To 'yan uwa ku faɗa min tsakani da Allah. In je asibiti in rubuta sunan Baba cikakke in jira abin da zai biyo baya? In karɓi B ɗin nan da ɗigonta in haɗiye? Ko in bi maganar Inna in bar musu Rayyan ɗinsu, in ɗana ya girma in zaunar da shi in faɗa masa waye kakansa da bakina? Malamai na cikin zauren nan, alkawarin da ya yi a gaban mahaifiyata ba shi da wani nauyi ne don shi uba ne? Maza kuma don Allah kar ku zo min da wa'azin biyayya, ku fara faɗa min ko ku za ku iya yin abin da ya yi. Sannan in akwai wadda ta taɓa raina mijinta har cikin zuciya, daga baya girmansa ya dawo mata, don Allah ta faɗa min ta ina ta bi, don ni na duba ko'ina ban ga hanya ba.